Hular da Ta Dace da Mai Keke, Daga Hunturu Zuwa Damina

Wanda ya tsaya a bakin hanyar shiga Kano ko Zariya ko Maraɗi da sassafe, lokacin da masu keke ke kwararowa daga ƙauyuka da lodin kayan gwari da itace da buhunan hatsi, zai ga cewa da wuya a sami kai ɗaya a buɗe. Wannan ya kafa zanna bukar, wancan ya ja hular sanyi har gira, wani da malafa, wani da hana-sallah, dattijo kuma da ɗan rawaninsa. In ya ƙara daɗewa a wurin zai ga abin da ke faruwa duk lokacin da tirela ta gifta: iskarta ta ɗaga hula, mai keke ya saki hannu ɗaya ya dafe ka, keke ya yi tangal-tangal da kayansa a gefen kwalta. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, haka ma ba a haɗa tuƙin keke da riƙon hula. Hular da ta yi wa mai tafiya a ƙasa daidai ba lallai ne ta yi wa mai keke ba, domin kan mai keke abu biyu yake nema a lokaci guda: kariya daga rana da sanyi da ruwa, da kariya daga ƙasa ranar da aka faɗi. Babu hula ɗaya da ke biyan buƙatun nan biyu. Saboda haka ra'ayina shi ne a raba aikin: siririyar hular yadi a ciki, wadda za a riƙa sauyawa da sauyin yanayi, sai hular kwano a sama, wadda ba ta san bazara ko damina ba.

Abin da ya raba mai keke da mai tafiya a ƙasa shi ne shi da kansa yake kawo iskarsa. Ko da ganye ɗaya ba ya motsi, wanda ke taka feda a gudun kilomita 20 cikin awa, iskar kilomita 20 ce ke dukan fuskarsa. Jikin mutum kullum yana ɗumama wani siririn lulluɓin iska da ke manne da fata, iskar tafiya kuwa share shi take yi, sai jiki ya sake ɗumama wani, ta sake sharewa. Masu hasashen yanayi suna da lissafin wannan: idan ma'auni ya nuna digiri 10, iskar kilomita 20 takan sa fata ta ji kamar ana digiri 7. Iskar nan dai ita ce kuma ke ceton mai keke a lokacin zafi, domin ita ke busar da gumi, bushewar gumi kuwa ita ce babbar hanyar da jiki ke zubar da zafi. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a kan fata takan tafi da zafin da ya kai kilokalori 580. Gumin da ya ɗiga ƙasa, ko ya maƙale a cikin yadi mai kauri, asara ce kawai ta ruwa da gishiri, bai sanyaya komai ba. Aikin hular mai keke ke nan a taƙaice: ta tare iskar nan ranar da take cutarwa, ta buɗe mata hanya ranar da take taimako.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa rabin ɗumin jiki ta kai yake fita. Ana danganta ta da wani littafin horar da sojojin Amurka na shekarar 1970 da ya ce kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, kuma a 2008 wasu likitoci biyu, Rachel Vreeman da Aaron Carroll, suka bi diddigin maganar a mujallar likitocin Birtaniya suka nuna ba ta da tushe. Kai da wuya kusan kashi 10 ne cikin ɗari na fatar baligi, kuma ɗumin da ke fita ta nan bai yi nisa da haka ba. Sai dai kuskuren lissafin bai rage wa kai muhimmanci ba. Jijiyoyin jinin fatar kai ba sa tsukewa sosai in an ji sanyi kamar yadda na yatsu ke yi, fuska da kunne sun fi sauran jiki saurin jin sauyi, kuma mai keke ya riga ya rufe ko'ina da riga da wando, kai ne ya rage a gaba yana tsaga iska. Ga shi kuma idanu da kunnuwa a nan suke, su ne kuwa birkin farko na mai keke kafin na hannu.

Turawan da suka mai da keke sana'ar tsere sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka ƙera hula ta musamman. Tun bayan fara gasar Tour de France a 1903 'yan tsere ke gwada huluna iri-iri, har aka tsaya a kan wata 'yar ƙaramar hular auduga mai laushi, mai gajeren baki a gaba da roba a ƙeya, wadda ta zama alamar 'yan tseren Faransa da Italiya da Beljiyam shekaru da dama. Kowane sashe nata da dalilinsa. An gajarta bakin ne domin ɗan tsere a sunkuye yake, dogon baki zai rufe masa hanya. An yi ta da laushi don a naɗe a cusa a aljihu, an sa mata roba don kada iska ta ɗauke ta. In rana ko ruwa na dukan fuska sai a sauke bakin, in ana hawan tudu sai a ɗaga shi sama, in rana ta koma baya sai a juya hular ta yi wa ƙeya inuwa. Yau da hular kwano ta zama dole a gasa, wannan 'yar hula ba ta ɓace ba, ta koma ƙarƙashin kwanon. Duk telan da ya iya ɗinka hula zai iya ɗinka irinta da ragowar yadi, kuma ita ce ma'aunin da ya kamata a gwada sauran huluna da shi: ta zauna daram, ba ta tare gani, ba ta toshe ji, tana bushewa da wuri.

Bazara ce jarrabawa mafi tsanani. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram, zafi kan haura digiri 40, fatar mutum kuwa wajen digiri 35 take. Da zarar iska ta fi fata zafi, ta daina ɗauke zafi da kanta, ƙara shi take yi, sai ya zama bushewar gumi kaɗai ta rage wa jiki. A irin wannan rana hula mai kauri, mai shafi biyu da aikin zare cunkus, kamar murfin tukunya take. Abin da ake so shi ne yadi shara-shara wanda iska ke ratsawa. Auduga tana da daɗin sawa kuma tana shan gumi, amma tana riƙe shi. Yadin roba irin na rigunan 'yan ƙwallo ba ya shan ruwa sai dai ya baza shi ya bushe da sauri, aibinsa shi ne saurin wari. A busasshen zafi irin na Arewa, riƙon ruwan da auduga ke yi yakan zama alheri: a jiƙa hular da ruwa kafin a hau, iskar tafiya ta riƙa busar da ita, kai ya yi sanyi kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ana ba da labarin tsofaffin 'yan tseren Turai da ke sa ganyen kabeji a ƙarƙashin hula don wannan manufa. Dabarar tana raguwa idan damina ta kusa, iska ta cika da laima, don a lokacin ba abin da ke bushewa da wuri.

Batun launi ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. A 1980 wasu masu bincike suka buga sakamakon gwaji a mujallar Nature kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye na hamadar Sinai ke sa baƙaƙen riguna. Sun gano baƙar riga ta fi fara zuƙar zafin rana nesa ba kusa ba, amma zafin da ke isa jikin mai ita ɗaya ne, saboda rigar burmemiya ce, iska na zagayawa tsakaninta da fata tana fitar da zafin. Wani zai iya kafa hujja da wannan ya ce launin hula ba kome ba ne. Hujjar ba ta zauna ba, domin sharaɗin shi ne sarari tsakanin yadi da fata, hula kuwa manne take da kai. Don haka fara ko mai hasken launi ita ce ta bazara, kuma ita direba ya fi hangowa daga nesa. Duk da haka kada a ɗora wa hula abin da ba za ta iya ba. Ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux ranar 13 ga Yuli, 1967, cikin tsananin zafi, kuma an sami ƙwayoyin ƙara kuzari da barasa a jikinsa. Wanda ya haɗiye ƙwaya don ya ƙara sawu, ko ya fita tsakar rana ba ruwan sha, babu hular da za ta cece shi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ruɗewa alama ce ta a sauka a nemi inuwa nan take.

Ban da zafi, rana tana da wata illa da ba a jin ta sai bayan shekaru, wato hasken nan da ido ba ya gani wanda ke ƙona fata. Baƙar fata tana da kariyarta, amma ido ba shi da irin wannan gata. Daɗewa cikin rana na daga abubuwan da ke jawo yanar ido, da kuma tsiron naman nan da ke rarrafowa daga gefen ido zuwa baƙinsa, wanda ya fi kama masu aiki a fili cikin rana da ƙura da iska. Ga zabiya kuwa lamarin na rai da mutuwa ne, saboda ciwon dajin fata. A nan malafar kaba ta kere wa kowace hula. Masana kariya daga rana a Ostireliya suna ba da shawarar baki mai faɗin santimita 7.5 ko fiye, zagaye da kai, malafarmu kuwa ta wuce haka, ga saƙarta na barin iska ta shiga. Matsalarta a kan keke ita ce faɗin nan nata yana kama iska. Ga manomi mai tafiya a hankali kan burtali zuwa gona, malafa mai igiya ɗaure a haɓa zaɓi ce mai kyau. A kan babban titi inda manyan motoci ke wucewa, takan fizge kai ko ta faɗo ta rufe ido. Hana-sallah kuma, wadda matasa suka fi so, tana kare goshi da ido amma ta bar kunnuwa da ƙeya a rana, dogon bakinta mai tauri yana ɓoye abin da ke gaba in an sunkuya, kuma maɓallin da ke tsakiyarta yana danna kai idan aka ɗora kwano a sama. Ɗan ƙyalle da aka ɗinka a bayan siririyar hula ya sauko kan ƙeya ya fi ta amfani.

Hunturu yaudara gare shi, domin yini ɗaya yakan zo da yanayi biyu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, da asuba a Kano ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku har ƙasa da 10 a wasu ranaku, amma kafin azahar an doshi 30. Mai keken da ya fito bayan sallar asuba da jibgegiyar hular gwanjo, wadda aka saƙa don ƙasashen ƙanƙara, zai ji daɗinta na 'yan mintoci kaɗan. Da jiki ya ɗau zafi sai kai ya jiƙe sharkaf, da ya tsaya ko ya gangara tudu sai busasshiyar iska ta bugi jiƙaƙƙen yadi, ya ji sanyin da ya fi na farko. Kauri ba shi ake nema ba, rufe wurin da ya dace ake nema, wato goshi da kunnuwa, su ne iska ta fi cizo. 'Yan tseren Beljiyam, masu gasa cikin sanyi da yayyafi, suna da hular ulu mai ɗan baki da wani leɓe da ake saukewa ya rufe kunne da ƙeya, a naɗe shi sama in an ji ɗumi. Bahaushe ma ya san wannan dabara tun da daɗewa, domin haɓar kada haka take, da kunnuwanta biyu da ake saukewa ko a ɗaga. Ulu ya fi auduga a wannan lokaci, don yana iya shan laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Sharaɗi ɗaya ne: yadin da ke kan kunne ya zama siriri yadda za a ji hon da ƙarar injin da ke tahowa ta baya.

Sai ƙura. Mafi yawan hazon da ke rufe sararinmu daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi har bakin teku. Mai keke yana numfashi da ƙarfi fiye da mai tafiya, don haka ƙurar da yake shaƙa ta fi yawa. Buzaye da suka rayu da wannan iska sun warware matsalar da rawani da amawali, kuma yadi a kan hanci da baki yana tare manyan ƙwayoyin ƙura, yana kuma riƙe laimar numfashi, maƙogwaro bai bushe ba. Ƙura mafi laushi takan ratsa yadi, saboda haka mai asma ya fi dacewa da takunkumi na ainihi. Abin tsoro a rawani shi ne jelarsa. Duk yadin da ke reto, rawani ne ko gyale ko dogon hijabi, yana iya shiga wayoyin taya ko sarƙa, kuma in ya shiga wuya yake ja. Shahararriyar 'yar rawar Amurka Isadora Duncan haka ta mutu a birnin Nice na Faransa a 1927, lokacin da dogon mayafinta ya naɗe a ƙafar buɗaɗɗiyar motar da take ciki. 'Yan mata masu zuwa makaranta a keke ba sa buƙatar barin hijabi. Gajere mai tsayawa a ƙirji, ko wanda aka tattare aka cusa, ya wadatar, kuma kwano yana zama a kansa lafiya lau.

Damina ba ta buƙatar dogon bayani, illa dai kuskuren da ake yi a cikinta ya fi na sauran haɗari. Ruwan Agusta ba shi da sanyin da zai kashe mutum, abin da yake yi shi ne makantar da shi. Ɗigon ruwa a ido, ko a gilashin tabarau, ya isa ya ɓoye rami. Gajeren baki da aka sauke ƙasa shi ne maganin wannan. Hular da ke haɗe da rigar ruwa kuwa, in an juya kai ba ta juyawa tare da shi, sai mai keke ya waiga ya ga cikin hularsa maimakon motar da ke bayansa, ga ƙarar ruwa a kan roba ta cika masa kunne. In dole sai an sa ta, a ɗaure ta ta kama fuska, a ɗora kwano a kai. Lema a hannu ɗaya ta fi kowanne muni, tunda birki a jiƙe ya riga ya rage ci. Akwai huluna na yadin Gore-Tex, wanda Bob Gore ya gano sirrinsa a 1969, mai hana ruwa shiga ya bar tururin gumi ya fita, amma a ruwa mai ɗumi da iska mai laima ko shi ba ya hana kai jiƙewa daga ciki. Ya fi sauƙi a yarda kai zai jiƙe, a sa hula mai saurin bushewa, a ajiye ta biyu a leda. Hular da ke kwana a jiƙe a sake sa ta da safe ita ke gayyato ƙaiƙayi da cututtukan fatar kai.

Duk waɗannan huluna, komai kyansu, ba sa rage komai daga ƙarfin buguwa in kai ya haɗu da kwalta. 'Yan tseren Turai ma sun daɗe suna ƙin jin wannan magana. A 1991, da hukumar tseren keke ta duniya ta nemi tilasta kwano, sai suka yi bore a gasar Paris–Nice har aka janye dokar. A 1995 Fabio Casartelli ɗan Italiya, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1992, ya faɗi a gangaren wani dutse a Tour de France ya bugu a ka ya mutu yana da shekara 24. A Maris na 2003 Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ba kwano, a gasar nan dai ta Paris–Nice, ya cika washegari. Cikin 'yan makonni doka ta kafu, kuma daga Mayun 2003 kwano ya zama wajibi. Hujjar ba ta tsaya ga gawa biyu ba. Jake Olivier da Prudence Creighton na wata jami'a a birnin Sidni sun tattara bincike 40 da suka shafi masu keke fiye da 64,000 da suka ji rauni, suka sami cewa kwano na rage yiwuwar rauni a ka da kusan rabi, mummunan rauni kuma da kusan kashi 69 cikin ɗari.

Yadda kwano ke aiki shi ke nuna abin da za a iya sawa a ƙarƙashinsa. Cikinsa farin soso ne mai tauri, dangin wanda ake kare firji da talabijin da shi a kwali. In an faɗi, soson ne ke murƙushewa, ya tsawaita lokacin tsayawar kai da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, wannan kuwa ya isa ya rage girgizar da ƙwaƙwalwa ke sha. Sau ɗaya yake wannan aiki. Kwanon da ya sha ƙasa da ƙarfi ya gama amfani ko da ba a ga tsagewa ba. Dole ya zauna a miƙe, tsakaninsa da gira kamar faɗin yatsu biyu, maɗaurinsa a ɗaure ƙarƙashin haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Idan aka cusa hula mai kauri a ciki, kwanon zai ɗaga sama ya bar goshi a fili, ya kuma zame a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wannan ne ya sa na nace a kan siririyar hula tun farko, ko a cikin hunturu.

Ƙorafi na farko da za a ji shi ne zafi. Yawanci kwanon babur ake tunawa, mai nauyin fiye da kilo ɗaya kuma a rufe ruf. Na keke bai cika wuce giram 300 da 'yan kai ba, kuma huje-huje ne da shi don iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, soson kansa ma yana tare zafin rana. 'Yan tseren Tour du Faso, gasar da ake yi a Burkina Faso tun 1987, da kwano suke yini suna gudu a ranar Sahel. Gaskiya ne mai lodi da ke tafiya a hankali ba ya samun iskar da ɗan tsere ke samu, zai ji ɗumi fiye da shi, amma jiƙaƙƙiyar hula a ciki tana rage wannan sosai. Ƙorafi na biyu kuɗi ne, kuma shi ya fi nauyi, don wanda keke ne jarinsa ba ya sayen abin da bai ga ribarsa yau ba. Mun ga abin da tilas ba tare da tanadi ba ke haifarwa a Janairun 2009, lokacin da aka fara tilasta wa masu babur kwano a Najeriya, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, fasinjoji kuma suka riƙa ƙyamar kwanon da kowa ke sawa saboda ƙwarƙwata da makero. Mai keke ba ya raba kwanonsa da kowa, kuma hular ciki da ake wankewa ta kawar da wannan ƙyama. Wanda zai saya ya duba cikin kwanon ya ga tambarin EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Hular magina da kwanon roba zalla marar soso ba don faɗuwa daga keke aka yi su ba.

Masu ilimin abin sukan kawo misalin Holan, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, ake yin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiye a keke, kusan ba mai sa kwano, kuma tana cikin wuraren da hawa keke ya fi aminci a duniya. Sukan ƙara da cewa dokar tilas da jihar Biktoriya ta Ostireliya ta kafa a 1990 ta jawo muhawarar da ba ta ƙare ba kan ko ta rage yawan masu hawa keke. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma ina tare da su a kan cewa hanya ce babbar kariya. Kwano ana gwada shi ne da faɗuwa daga tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ba a yi shi don tare tirela ba. Amma amincin Holan daga dubban kilomitoci na hanyoyin keke da aka ware daga na mota ya samo asali, waɗanda aka gina bayan zanga-zangar iyaye a shekarun 1970 kan yaran da motoci ke kashewa. Mai keke a hanyar Kano zuwa Katsina ba shi da wannan, yana raba kwalta ɗaya da tanka da bas da adaidaita sahu, gefen hanya kuma yashi ne da ramuka. A nemi hukuma ta ware wa keke hanya, a kuma rufe kai kafin ta ware. Ba na goyon bayan a kama talaka a ci shi tara don ba shi da kwano; sauƙaƙa farashi da wayar da kai sun fi kamu amfani.

Saura maganar da ba a cika faɗa a fili ba, wato mutunci. A ƙasar Hausa hula cikar kamala ce, magidanci ba ya son a gan shi a ɗaurin aure ko masallacin Juma'a da kwano kamar ɗan makaranta. Wannan ba abin rainawa ba ne, kuma amsarsa tana cikin darajar hular kanta. Zanna bukar ko damanga da aka ɗauki makonni ana ɗinkawa, aka kai wa mai wankin hula ya wanke ya buga ta a kan gungume, ba ta cancanci gumi da ƙurar kilomita goma ba. A sa ta a leda a ɗaure a kariya, in an isa a cire kwano a kafa ta tsaf. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuwa, malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma mai faɗin haka shi ma yana gyara birkinsa. Ga iyayen da suka saya wa yaro keken zuwa makaranta, da malaman da ke ganin kekuna jere a bakin aji, da teloli da masu shagon kayan keke, ga roƙona: kada keke ya bar shago sai da kwanon da ya yi wa mai shi daidai, da siririyar farar hula ta bazara, da mai rufe kunne ta hunturu, kuma a koya wa yaro ɗaure maɗaurin haɓa tun ranar da aka koya masa taka feda.